F-15C, Falcon BMS, JF-17 ko MiG-21: da wanne za ka fara koyon tare jirgi da rada?

Wani ƙanena da yake karatu a AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama, ya zo gida nan Kawo ranar Asabar da yamma, ya tarar na baje joyistik a kan tebur ina fama da wasu MiG-29 guda biyu a simuletar tuƙin jirgi, ya ja kujera ya zauna yana kallo har na sauka. Sai ya ce “Yaya, ni fa na ɗan tara abin da na tara, so nake in koyi abun nan na tare jirgin maƙiyi a sama da rada, amma kaina ya kulle. Wani ya ce in sayi JF-17 tunda shi ne namu, wani ya ce F-15, wani kuma ya ce duk in rabu da su in nemi Falcon BMS.” Muka yi ta magana har aka kira magariba ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne. Duk yaron da ya tashi a Kawo ko Mando ko Unguwar Dosa ya saba ɗaga kai in Super Mushshak ɗin makarantar koyon tuƙi ta 401 suna shawagi, kuma da yawanmu daga nan sha'awar ta shiga. Ba kowa zai samu NDA ba, amma simuleta a kwamfuta kam kowa zai iya taɓawa in ya san inda zai sa kuɗinsa.

Kafin maganar farashi dole sai an san me ake son koya, don shi ne ma'aunin farko. Tare jirgi ba harbi ba ne kawai. Jirage biyu in suna fuskantar juna kowanne yana gudu kusan na sauti, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kusan mil 17 na teku a minti ɗaya. Kenan in ka fara ganinsa a mil 40, wato kilomita 74, kusan Kaduna zuwa Zariya, minti biyu da 'yan daƙiƙu kake da su kafin ku gifta juna. A cikin minti biyun nan za ka nemo shi a rada, ka tantance naku ne ko ba naku ba, ka san tsayinsa da inda ya dosa, ka zaɓi ta ina za ka shigo masa, ka harba ko ka fasa.

Ita rada kamar tocila ce mai siririn haske a ɗaki mai duhu, ba ta ganin komai lokaci guda, sharewa take hagu da dama layi-layi. Kai ne za ka ce mata faɗin da za ta share da layuka nawa, kai ne kuma za ka ɗaga ta ko ka sunkuyar. Lissafin da nake so kowa ya haddace shi ne digiri ɗaya yana cin kusan ƙafa 100 a kowane mil. In radarka tana share digiri 10 sama da ƙasa, a mil 40 tana ganin ƙafa 40,000, amma in ya matso mil 10 ƙafa 10,000 kawai take gani. Shi ya sa jirgin da kake kallo tun daga nesa sai ya ɓace daidai lokacin da ya fi haɗari. Na tuna wani dare AWACS, jirgin nan mai babbar rada da ke yi wa matuƙa jagora, yana ta gaya min maƙiyi yana gabana mil 15, ƙafa 8,000, ni ina ƙafa 28,000 allona fes babu komai, gabana yana ta faɗuwa. Sai da aka harbo ni na koma na kalli rikodin, lambobi biyun nan da ke gefen alamar nuni suna cewa 31 da 19, wato ƙasan abin da nake gani ƙafa 19,000 ne, mutumin ya wuce ta ƙarƙashin hasken gaba ɗaya. Tun daga ranar idona ba ya barin lambobin nan.

Sai yanayin radar. RWS bincike ne kawai, tana nuna ɗigo. TWS tana bin jirage da yawa tana kuma ci gaba da bincike, kuma na'urar gargaɗin maƙiyi, wato RWR, ba za ta ce masa ka kulle shi ba. STT kuma ta saki kowa ta riƙe mutum ɗaya gam, bayani ya fi inganci amma shi ma ƙara za ta cika masa kunne ya san da shi ake. Mizail ma iri uku ne. Na Foks 1 irin AIM-7 sai ka ci gaba da haska masa da radarka har ya buga. Na Foks 2 zafin injin yake bi. Na Foks 3 irin AIM-120 da SD-10 yana da 'yar radarsa a hanci, ka raka shi rabin hanya ya buɗe idonsa, abin da ake kira fitbul, daga nan ka juya abinka. Bayan harbi akwai kirank, ka karkata kusan digiri 50 ya zama yana gefen abin da radarka ke iya gani, ba ka sake shi ba amma ka rage saurin shiga bakin nasa mizail ɗin. Akwai noc, ka ba shi gefe daidai digiri 90 kuma ka yi ƙasa, don rada mai aiki da dofla tana bambance jirgi da ƙasa ne ta saurin matsowa, in ka daina matsowa sai ta tace ka tare da duwatsu da bishiyoyi. In shi ya yi maka noc ɗin, maganin ka sauka ƙasa da shi ya zama sararin sama ne a bayansa. Sai kuma zagayowa ta baya, ka kauce gefe tun daga nesa ka samu filin juyawa, ka karyo kwana ka fito a bayansa kamar mil ɗaya, wannan ita ce tarewar da aka fi yi a zahiri lokacin zaman lafiya, don a ga jirgi da ido a san ko waye.

To ma'aunan da zan bi su ne: nawa daga cikin abubuwan nan jirgin zai koya maka, sai kuɗinsa, sai nauyinsa a kan kwamfuta da data da wuta wanda a wajenmu ya ma fi kuɗin sayen muhimmanci, sai sauƙin farawa, sai ƙarko wato wata nawa ko shekara nawa zai riƙe ka kafin ka ƙoshi, sai haɗarin asara.

F-15C a cikin DCS World

Shi DCS ɗin kansa, wato simuletar da ake saka jiragen a ciki, kyauta ne, kamfanin Eagle Dynamics ne ke yinsa, yana zuwa da taswirar Kokasos da Mariyana da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, sai dai babu mai radar faɗan sama a cikinsu. F-15C kusan dala 15 ne shi kaɗai, in ana ragi kuma yakan sauko rabi. Radarsa APG-63 ce, kuma duk abin da na lissafa a sama yana ciki, RWS da TWS da STT, ga AIM-120 ga AIM-7 ga AIM-9, guda takwas yake ɗauka. Injin biyu ne masu ƙarfin gaske, ka hau ƙafa 40,000 ka wuce saurin sauti ka jefa mizail, a nan za ka gane da kanka cewa tsayi da gudu su ke ƙara wa mizail nisa, don iskar sama ba ta da kauri. Ba banza ba ne jirgin gasken ya kakkaɓo sama da 100 a faɗan sama ba tare da wani jirgi ya kakkaɓo shi ba.

Sauƙi kam babu kamarsa. Maɓallan cikin kokfit ba sa dannuwa da maus, komai a kibod ne ko joyistik, ka danna 2 ka shiga yanayin faɗan nesa, I ta kunna rada, Enter ya kulle. A yammaci ɗaya mutum zai tashi ya harba mizail ɗinsa na farko. Wannan sauƙin ina ganinsa alheri ne ga mai koyo, don hankalinka duka yana kan lissafin kusurwa da tazara. Amma fa shi ne kuma iyakarsa, tsarin radar an sassauta shi, ba shi da bam ba shi da aikin ƙasa, wata huɗu ko biyar za ka fara jin ka taɓo rufi. Haɗarin asara kaɗan ne tunda kuɗin ba yawa kuma Eagle Dynamics ne da kansu suka yi shi. Matsalarsa ita ce matsalar DCS gaba ɗaya: saukewa ta haura gigabait 100, yana son SSD, yana son RAM 16 a ƙalla, in za ka shiga saba, wato wasa da wasu ta intanet, mai mutane da yawa 32 ta fi, ga katin girafik. Ni sai da na kai kwamfutata wajen wani abokina mai intanet marar iyaka ta kwana uku, a dare na biyu aka ɗauke wuta batirin inbata ya zauna, da safe muka ci gaba daga inda ta tsaya. Kuma sabuntawa tana zuwa a kai a kai, wata ma gigabait da yawa ce.

F-16 a cikin Falcon BMS

Nan zan ɗan daɗe don nan zuciyata take. Falcon 4.0 wasan MicroProse ne na 1998, shi kuma BMS gyara ne da wasu masu sa kai suke yi masa shekara da shekaru suna bayarwa kyauta, sharaɗin kawai ka mallaki Falcon 4.0 na asali, wanda a Steam, kantin wasanni na intanet, bai kai dala 10 ba. Iyakar kuɗin kenan, babu wani jirgi ko taswira da za a sake ce maka ka saya.

Radar APG-68 a nan cikakkiya ce. Kai za ka zaɓi faɗi, digiri 60 ko 30 ko 10 kowane gefe, kai za ka zaɓi layi 1 ko 2 ko 4, kuma za ka ji a jikinka cewa duk lokacin da ka faɗaɗa bincike, zagayen yana daɗewa, hoton yana tsufa. Akwai SAM, wanda yake tsakanin bincike da kullewa, ka sa wa mutum ɗaya ido tana ci gaba da leƙa gefensa. TWS tana riƙe har jirage 10. A gilashin gabanka akwai ma'aunin nisan harbi, bayan ka saki AIM-120 kuma agogo zai fara ƙirga maka daƙiƙun da suka rage ya buɗe idonsa, wallahi daƙiƙu goma sha biyun nan da kake kirank RWR tana kuka kana jiran lambar ta kai sifili, ba na jin akwai abin da ya kai su koyar da haƙuri a duk harkar.

Abin da ya raba BMS da saura shi ne yaƙin da ke gudana da kansa. Ana buɗe kamfen a zirin Koriya, jirage ɗaruruwa da sojojin ƙasa suna ta harkarsu ko kana nan ko ba ka nan, kai ɗaya ne daga ciki. A ba ka sintirin tsare wani yanki, ka tashi da abokin tafiyarka, ka danna Q ka kira AWACS ka nemi hoton sama, ya karanto maka rukuni-rukuni da kusurwa da tazara da tsayi daga wani wuri da aka yi yarjejeniya a kai wanda ake kira bulzai, kai kuma ka zana abun a kanka. Ka kulle wani ka ce ya tantance maka, ya ce maƙiyi ne ko naku ne. Ka raba aiki da na biyunka, kai ka ɗauki na hagu shi na dama. Mai yana raguwa, in ka bi su da aftabana, wato ƙarin wutar injin mai shan mai, ba za ka kai gida ba. Kuma jirgin da aka harbo yau gobe babu shi a rundunar. Wannan ita ce tarewa da dalili, kuma ba ta bukatar intanet ko kaɗan, wanda ga mai zama da datar wata-wata ba ƙaramin abu ba ne.

Nauyinsa bai kai na DCS ba, duk da sababbin fitowarsa sun ƙara kyau sun ƙara nauyi, kwamfuta matsakaiciya mai katin girafik za ta ja shi. Wahalarsa a farawa take. Kokfit ɗin duka yana dannuwa, tada jirgi daga sanyi mintuna ne, littattafan da ke zuwa cikin folda ɗinsa shafuka ne ɗaruruwa da Turanci, saita maɓallan joyistik kaɗai zai ci maka yini. Haɗarin a nan ba na kuɗi ba ne, na karaya ne, na san mutum uku da suka saka shi suka goge a sati biyu. Shawarar da nake bayarwa ka fara a sama kai tsaye, ka bar maganar tada injin sai daga baya, ka koyi abu huɗu kawai: motsa alamar nuni, ɗaga rada da sunkuyar da ita, tura maɓallin TMS na kan sandar tuƙi sama don kullewa, TMS ƙasa don saki. Ƙarko kuma, wasan da ya haura shekara 25 ana yinsa ai ya ba da amsa.

JF-17 a cikin DCS

Wannan shi ne zaɓin zuciya, kuma ban ga laifin kowa ba. Jirgin haɗin gwiwar Pakistan da Cana ne, sojojin samanmu sun karɓi guda uku aka ƙaddamar da su a Makurɗi a watan Mayu 2021, to zama a kokfit ɗinsa ko a allo ne akwai wani abu da mutum yake ji. Deka Ironwork Simulations ne suka yi shi, ya fito ƙarshen 2019, kuɗinsa kusan dala 80, in ka canza zuwa naira a yau kuɗi ne sosai ga ɗalibi.

Aikin da aka yi masa mai kyau ne. Manyan alluna uku ne a gabanka, rubutun Turanci ne, radar KLJ-7 tana da RWS da TWS da SAM da STT, har da yanayin riƙe mutum biyu lokaci guda. SD-10 mizail ne mai kai wa nesa, huɗu yake ɗauka a wasan da PL-5EII biyu a bakin fukafukai. Yana da datalin da ke zubo maka abin da AWACS ke gani a kan taswira, yana da na'urar da ke gargaɗi in mizail ya taso. A cikin jirage masu cikakken kokfit yana cikin mafi sauƙin koyo, an tsara shi da hankali. Sai dai a nan ne nake da ja. Tunda allon yana nuna maka kowa tun kafin ka nemo shi, mai koyo yakan zama ɗan bin ɗigo, ba ya koyon sauraron kira ya gina hoto a kansa, ran da ya shiga saba da aka kashe datalin sai ya zama kamar baƙo a kasuwar Gumi. In ka saye shi, ka riƙa kashe abun da gangan a atisaye. Injinsa ɗaya ne, RD-93, ba shi da ƙarfin F-15 wajen hawa sama da gudu, man cikinsa ma kaɗan ne, dole ka zama mai dabara, ka harba ka yi noc ka shigo ta gefe. Ƙarkonsa babba ne don yana aikin ƙasa da na ruwa sosai, shekara za ka yi ba ka ƙure shi ba. Haɗarinsa biyu: kuɗin da yawa, kuma ba masu DCS ne suka yi shi ba. Mun ga abin da ya faru a 2024 da aka samu saɓani tsakanin Eagle Dynamics da RAZBAM, kamfanin da ya yi F-15E na DCS, aikin jirgin ya tsaya, waɗanda suka saya suka zauna jira. Ba wai haka za ta faru da wannan ba, amma mai sa dala 80 ya kamata ya san da maganar.

MiG-21bis a cikin DCS

Shi ma yana da tarihi da mu, Najeriya ta tuƙa MiG-21 tun tsakiyar shekarun 1970, F-7Ni ɗin da aka sayo daga Cana daga baya ma jininsa ne. Kuɗinsa kusan dala 50. Radarsa RP-22 allonta kilomita 30 ne kacal, ba ta iya kallon ƙasa, da ka sunkuyar da hanci allon ya cika da tarkace, kuma da sinadarin alkohol ake sanyaya ta, minti 20 zuwa 25 a kunne ya ƙare ta mutu. RWR ɗinsa fitilu huɗu ne kawai, su ce maka daga wane ɓangare, shi kenan. Babu TWS babu Foks 3, R-3R ne da sai ka riƙe kulli har ya buga, da masu bin zafi irin R-60.

To me zai koya maka? An ƙera shi ne don mai rada a ƙasa ya jagorance shi, ya ce juya kaza, hau kaza, kai kuma radarka a kashe har sai ka zo kusa ka kunna, kuma ka shigo daga ƙasa kana kallon sama. Zagayowa ta baya babu jirgin da zai koya maka ita kamarsa, don in ka kuskure kusurwa babu na'urar da za ta gyara maka. Amma ba na ba sabon shiga shawararsa, sauka da shi kaɗai aiki ne, da gudu sama da kilomita 300 a awa yake tunkarar titi, mai ba ya daɗewa, ma'aunan duk mita da kilomita ne, kuma rabin dabarun zamani irin kirank har zuwa fitbul babu su a ciki. Jirgi na biyu ne ko na uku.

| Zaɓi | Kuɗi | Abin da radar ke koyarwa | Nauyi | Sauƙin farawa | Ƙarko | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| F-15C | kusan dala 15 | tushe duka, a sassauce | babba | mai sauƙi sosai | watanni | kaɗan |
| F-16 a BMS | ƙasa da dala 10 | komai, da AWACS da yaƙi | matsakaici | mai wuya | shekaru | karaya |
| JF-17 | kusan dala 80 | na zamani, da datalin | babba | matsakaici | shekaru | kuɗi da yawa |
| MiG-21bis | kusan dala 50 | kusurwa da bin umarnin ƙasa | babba | mai wuya | matsakaici | bai dace da farawa ba |

Akwai kuɗin da ba ya cikin teburin. Joyistik dole ne, Logitech Extreme 3D Pro ya isa farawa, T.16000M na Thrustmaster ya fi shi daidaito in aljihu ya kai, kuma in na hannu za ka saya ka jona shi a gabansa ka duba ko sandar tana komawa tsakiya ba rawa. Juya kai a kokfit kuma ba sai ka sayi komai ba, OpenTrack kyauta ne yana aiki da kyamarar kwamfuta. Ka sauke Tacview na kyauta ma don kallon faɗa bayan an gama, rabin abin da na sani a nan na koye shi. Wajen biya ka lissafa da cajin canji, kuma don Allah kar ka sayi akawun a hannun wani a intanet don ya yi araha, mai shi zai iya karɓe abinsa ko yaushe. DCS ɗin da ake saukewa daga shafinsu yana ba da gwajin kwana 14 kyauta a yawancin jirage, na Steam ba ya bayarwa, sai dai Steam suna mayar da kuɗi in ba ka wuce awa 2 kana wasa ba cikin kwana 14.

In kwamfutarka matsakaiciya ce, datarka ta wata ce, kuma da gaske tarewar kake son iyawa ba kallon gajimare masu kyau ba, BMS ne naka, ragowar kuɗin ka zuba a joyistik. In kana da kwamfuta mai ƙarfi amma lokacinka kaɗan ne, ga lakca ga jarabawa, ko ba ka tabbatar sha'awar za ta ɗore ba, ɗauki F-15C, wata uku a kansa kana lura da lambobin tsayin nan za ka fi wanda ya sayi jirgin dala 80 yana bin ɗigo. In JF-17 ne ya hana ka barci saboda namu ne, ka yi gwajin kwana 14 tukuna ka ga ko kwamfutarka tana jansa, sannan ka jira lokacin ragi, sukan yi sau da yawa a shekara. MiG-21 kuma na wanda ya riga ya iya ne yake son ya ɗanɗana yadda matuƙanmu na da suka yi aiki da murya a kunne da allo na kilomita 30.

Shi ƙanen nawa laftof ɗinsa RAM 8 ce da ƙaramin katin girafik, DCS ba zai zauna a kai ba ko da ya so. Mun yi da shi zai fara ƙara RAM ɗin zuwa 16, ya sayi Falcon 4.0, ni kuma in ba shi tsohon joyistik ɗina, Asabar mai zuwa bayan la'asar mu fara a BMS da MiG-21 guda ɗaya a matsayin maƙiyi a mil 30 yana zuwa kai tsaye.